Amsa ga mai tambaya kan digiri na uku a kimiyyar lafiya

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka samu gurbin digiri na uku a fannin ƙwayoyin cuta, kana son sanin matakan da ke gabanka, da ko shekara uku za ta isa tunda kana koyarwa a nan Gombe ga kuma iyali. Wallahi na tausaya maka, don irin wannan lissafin na yi a lokacina.

Shekara ukun nan ita ce mafi ƙaranci ga mai karatun cikakken lokaci, ba alkawari ba ce. Matakan dai kusan iri ɗaya ne: ka kare furofozal, wato tsarin binciken da kake son yi, a sashenku, ka yi seminonin nuna inda aiki ya kai, ka buga muƙala a mujalla, a yi difens na cikin gida, wato ka kare aikin a gaban malaman jami'arku, sannan mai jarrabawa daga wata jami'ar ya zo ya yi maka tambayoyi baki da baki, ka yi gyara, majalisar jami'a ta amince. Ka je ofishin karatun gaba da digiri ka karɓi littafin ƙa'idojinsu, don yawan muƙalun da ake nema ya bambanta.

Kada ka ɗibi jinin kowa, ko ɗigo ɗaya, kafin takardar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito. Idan a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe za ka yi aiki suna da nasu kwamitin, idan asibitocin jiha ne sai ta ma'aikatar lafiya. Ka kuma duba ranar ƙarewarta, yawanci shekara guda ce sai a sabunta.

Amma abin da ya kusa kashe ni samfur ne. Aikina kan zazzaɓin cizon sauro ne a jikin yara. Damina guda na yi ina bin asibitocin ƙauye, ina zama da iyaye mata ina yi musu bayani har su yarda su dangwala yatsa a takarda, yaro na kuka ana ɗibar jininsa. Na jera komai a firizar nan mai sanyi 80 ƙasa da sifili. Sai yajin aikin ASUU na 2022 ya shigo, daga Fabrairu har Oktoba. A cikin wannan tsakanin wani babba a ɗakin gwajin ya ciro akwatunana don ya samar wa na ɗalibansa wuri, ya tura nawa cikin firij na ruwan sanyi, ga wuta ba ta zama, ga babu man janareta. Bai kira ni ba, kuma yana da lambata! Ranar da na buɗe firij ɗin warin ne ya fara dukana. Jinin ya yi baƙi, takardun da na liƙa a jikin kwalaben sun jiƙe, tawadar ta narke har ba ka gane lambar wannan daga ta wancan. A ƙasa na zauna ina kuka. Da na same shi sai ya ce min wai ai bincike ya gaji haka, in sake ɗiba. Ko "yi haƙuri" bai ce ba. Har yau muna gaisawa a wajen ɗaurin aure, amma Allah ya sani zuciyata ba ta huce ba. Ba wahalata kaɗai ba ce, amanar matan nan ce aka zubar. Dole na jira wata daminar, na koma neman sabunta takardar kwamiti.

Don haka ka raba samfurinka gida biyu, a firiza biyu, a gini biyu. Idan DNA (ƙwayar halittar gado) kake nema don gwajin PCR, wanda ke ninka ta har a iya gano ta, ka ɗiga wani ɓangaren jinin a takardar tacewa ya bushe, ka sa a leda da ƙwayoyin tsotse danshi. Wannan ba ruwansa da ɗauke wuta. Ka samu wani ma'aikacin lab ɗin mai tsoron Allah ku saba, shi ne zai kira ka in firiza ta fara ƙara.

Sinadaran gwaji kuma da dala ake sayensu. Tun da aka saki darajar naira a 2023, duk kasafin da aka rubuta kafin nan ya tashi a banza. In kana da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ka fara sayen su kafin komai, kuma ka tambayi waɗanda suka riga ka ko suna da ragowa.

Sufabaiza, ka girmama shi, ka gaishe shi, amma duk abin da kuka yanke a baki ka koma ka tura masa a rubuce ta imel. Maganar jerin sunayen marubuta a muƙala ku gama ta tun kafin a rubuta. Ka guji mujallun da ke cewa ka biya su buga maka cikin sati guda, ka duba ko mujallar tana cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance. Muƙalar farko ka tura ta da zarar sakamakon farko ya fito, don jiran masu dubawa kaɗai yana cin watanni.

Sannan don Allah ka zaunar da maiɗakinka ka gaya mata gaskiyar abin da ke tafe, na kuɗi da na lokaci. Ni kam, da a ce maigidana bai riƙe yara ba lokacin da nake kwana a lab, da tuni na ajiye. Ka riƙa auna hawan jininka ma.

Ba ka faɗi ko a kan mutane za ka yi aikin ko a kan ɓeraye ba. Ka faɗa mana a nan, don na dabbobi kwamitinsa daban ne, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninsa a wannan zauren. Allah ya ba ka sa'a.