Gwajin gado ko awon hawan jini: ina za a sa kuɗin?

Tambaya: Shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifinmu. An tallata mini gwajin ƙwayoyin gado da zai nuna ko jinina na saurin daskarewa, amma kuɗin ya kusa hayar ɗakina. In yi? Maman Sadik, Agege.

Allah ya jiƙan Baba. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ki mayar da kuɗin jaka tukuna. Abin da aka fi dubawa a irin gwajin nan shi ne Factor V Leiden, wani sauyi a furotin da ke daidaita daskarewar jini, wanda aka gano a Holan a 1994. Kusan 5 cikin 100 na Turawa na ɗauke da shi, a wajenmu kuwa da wuya a same shi. Ɓarnarsa ma ta fi yawa a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, irin gudan jinin da ke kumbura ƙafa ɗaya. A jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa tasirinsa kaɗan ne.

Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutum zai zuba dubbai a gwaji mai sunan Turanci, amma bai san awon jininsa ba. Miya dunƙule huɗu da gishiri a kai, maganin hawan jini kuma da ciwon kai ya lafa sai a jefa shi ƙarƙashin katifa. Sayi na'urar awo ta damtse, kada ki sayi ta wuyan hannu. In tana yawan nuna 140/90 ko fiye, ki ga likita. In kuma akwai matasa a danginku da suka yi gudan jini a ƙafa, je sashen jini na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, likita ya zaɓi gwajin.

Tambaya: In riƙa shan asfirin kullum don rigakafi? Alhaji, Mile 12.

A'a Alhaji, sai likita ya rubuta. Yana iya sa ciki zubar jini, wata shanyewar ma fashewar jijiya ce, asfirin ƙara ta zai yi.

Tambaya: Shayin "tsinka jini" da ake talla a mota fa? Wani matashi, Obalende.

Wanda mai shi ya ce yana maganin basir da sanyi da suga duk a kwalba ɗaya? Riƙe kuɗinka ka biya mota.