Jagoran da ya ce zai sauke ka a gaban zaki

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na daɗe ina yi wa iyalina alkawarin kai su Kenya su ga namun daji a Masai Mara, bana dai Allah ya hore. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku, autarmu shekararta 6. Ina son mota tamu mu kaɗai da jagoranmu, ba na son a cusa mu cikin baƙi. Na sami tayi biyu. Na farko wani ne da aka haɗa ni da shi ta WhatsApp, ya ce dala 2,000 mu duka, kwana huɗu a watan Agusta. Ya ce direbansa ya san kan dabbobin, zai kai mu har gabansu, yara su sauka a yi musu hoto, har ɗan zaki za a ba su su riƙe. Na biyu kamfani ne, kuɗinsa ya ninka wancan fiye da sau uku, kuma sun aiko min da takarda cike da dokoki, kar a sauka, kar a yi ihu, kar a ba dabba abinci. Uwargida ta kasa barci, ta ce ba za ta kai 'ya'yanta bakin zaki ba. Ni kuma ina ganin tunda na biya kuɗin mota tawa, me ya sa za a gindaya min sharaɗi? Wanne zan ɗauka?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka gaishe da Hajiya, ka kuma faɗa mata gaskiyarta ce. Mutumin WhatsApp ɗin nan kar ka tura masa ko sisi.

Tun daga lissafi ma maganarsa ba ta tsaya ba. Tun shekarar 2024 hukumar gundumar Narok, wadda ke kula da Masai Mara, take karɓar dala 200 a kan kowane baligi baƙo a kullum daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 kuma daga Janairu zuwa Yuni. Kai da Hajiya kaɗai, kwana huɗu a Agusta, dala 1,600 ke nan a bakin ƙofa, ba a zo kan yara ba. To da dala 400 da ta rage zai ba ku masauki, abinci, mota, mai da albashin direba, har ya ci riba? Ko dai ya tsere da kuɗin, ko ya ajiye ku a wani masauki a waje ya shigar da ku sau ɗaya, ko kuma ku isa ƙofa a ce ku biya da kanku. Araha ba ta ado.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne tambayarka kan sharaɗi, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani mai hali: na biya kuɗin mota tawa, don me za a kafa min doka?

Alhaji, abin da kuɗin motar kanka ke saya maka shi ne lokaci. Ku fita da asuba ko ku jira rana ta ɗaga, ku kuka zaɓa. In yara sun gaji a koma masauki ba tare da an ɓata wa wani baƙo rai ba. In kuka tarar da garken dabbar nan mai kama da saniya da gemu, wadda Suwahilawa ke kira nyumbu, ta taru a gaɓar kogin Mara tana shawarar tsallakewa, kuna iya kashe mota ku zauna awa uku kuna jira, alhali motar haya ta mutum bakwai dole ta wuce saboda wani ya matsu ya ga raƙumin dawa. Lokacin salla ya yi, jagora ya kai ku wurin da aka amince a sauka, ku shimfiɗa darduma. Wannan duk kuɗinka ne ya saya, kuma ya cancanci a biya, musamman ga mai ƙananan yara. Amma zakin da ke kwance a gindin bishiya bai ga rasiɗinka ba, kuma ba a raba kuɗin da shi ba.

Na san inda wannan tunani ya samo asali. Mun taso muna ganin gardi yana yawo da kura a kasuwa, yana ɗora yaro a bayanta, ana cewa ya sha magani. Sai muka ɗauka duk mai aiki da namun daji irinsa ne, akwai wani asiri tsakaninsa da su. Mun manta kurar gardi da takunkumi a bakinta, da sarƙa a wuyanta, ga kulki a hannunsa. Ta Mara ba ta da ko ɗaya. Jagoran kirki ba shi da laya, ba shi da guru. Abin da yake da shi sani ne, ya san kunnen giwa in ta baza shi tana girgiza kai me take nufi, ya san zakanyar da ke kaɗa wutsiya da sauri ta ƙosa, ya san inda zai ajiye mota da hancinta na kallon hanyar fita. Duk wanda ya ce maka "dabbobin sun san ni" ko "ba sa taɓa baƙina", to ko maƙaryaci ne ko wawa, kuma ban san wanda ya fi haɗari a cikinsu ba.

Ka san me ya sa zaki ke wucewa ta gefen mota buɗaɗɗiya, har jelarsa ta kusa shafar taya, bai ko ɗago kai ba? Tun yana jariri yake ganin motoci. A wurinsa mota da mutanen cikinta abu guda ne, ƙato, mai warin man dizal, ba a cinsa, ba ya cutarwa. Wannan sabon shi ne kaɗai katangar da ke tsakaninku. Da zarar mutum ya zuro ƙafa ƙasa, ko ya leƙo rabin jikinsa ta taga, ya fita daga cikin wannan siffa, ya koma halitta mai ƙafa biyu da zaki ke iya aunawa. Yarinya 'yar shekara 6 kuwa girmanta bai wuce na abin da yake farauta ba. In ta tsorata ta ruga, ta yi ainihin abin da ke tayar masa da farauta. Daga inda mai hoto ke so a tsaya zuwa inda zaki yake, daƙiƙa biyu ko uku ce. Direba bai gama buɗe ƙofa ba an gama.

Kuma mutane sun fi tsoron zaki ne kawai saboda suna. Masu aikin daji sun fi shakkar ɓauna, musamman tsohon namijin da ya bar garke yake kwana shi kaɗai a cikin duhuwa, ba ya gargaɗi. Dorina da kake gani a ruwa kamar buhun da ya kumbura, da dare take fitowa kiwo, tana da hanyarta ta komawa kogi, kuma a tudu tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Toron giwa yana kai tan 6, ya ninka motar da kuke ciki. Giwa mai ɗa kuwa ko motar ba ta bari in aka matsa mata.

Na taɓa raka wasu baƙi, motar da ke gabanmu wani attajiri ne ya ɗauka shi kaɗai. Ya cusa wa direbansa kuɗi ya bar hanya ya shiga ciyawa don a matso da shi kusa da zakanya da 'ya'yanta. Ƙasar ta jiƙe, mota ta kafe har gindi, zakanya tana kwance a taku kaɗan. Ba mai iya sauka ya sa jak, ba mai iya ɗaura igiya. Sun fi awa uku a ciki, rana na dukansu, mai kuɗin da ya zo yana ba da umarni ya koma salati. Da jami'an gandu suka iso, direban ne ya sha tara, attajirin kuma ya koma masauki yana ba da labarin jarumta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin waɗannan baƙi su ke lalata direbobi, domin yaro mai iyali da albashinsa bai taka kara ya karya ba, in ka nuna masa dala 50 zai yi abin da ya san bai dace ba. Laifin na wanda ya miƙa kuɗin ne kafin na wanda ya karɓa. Kuma 'ya'yanka suna kallo, suna koyon cewa doka ta marasa kuɗi ce. Amana aka ba ka, Alhaji, ranar gobe ba hoton za a tambaye ka ba.

Batun riƙe ɗan zaki kuwa, a Masai Mara babu wannan, kuma ba za a taɓa yi ba. Ba wanda ke ɗaukar ɗan zakanyar daji ya miƙa wa yaro. Inda ake irin wannan sana'a, kamar wasu gonaki a Afirka ta Kudu, kiwon zakuna ake yi a keji, a raba jarirai da uwarsu don baƙi su shafa su biya, har gwamnatin ƙasar ta sanar a 2021 cewa tana son kawo ƙarshen harkar. Wanda ya yi maka alkawarin haka a Mara, ina shakka ko ya taɓa taka wurin.

In kana son hujja daga gida, je ka Yankari ka ga gwaggon birin da ke sansanin Wikki. Mutane ne suka saba musu da miƙa biskit, yau sai su fizge leda daga hannun mace, su shiga ɗaki in an bar ƙofa. Dokar "kar a ba dabba abinci" da ka gani a takardar kamfani na biyu, daga irin wannan aka koyo ta.

To kamfani na biyun ma ban ce ka rufe ido ka biya ba. Dokokinsu alama ce mai kyau, amma takarda kowa na iya bugawa. Ka nemi lambar lasisinsu daga hukumar kula da yawon buɗe ido ta Kenya, ka kuma duba ko suna cikin KATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta Kenya, wadda jerin mambobinta ke intanet. Ka tambayi sunan jagoran da za a ba ku da matakinsa a jarrabawar KPSGA, ƙungiyar ƙwararrun jagororin daji ta Kenya, tagulla ne, azurfa ko zinariya. Mai azurfa ya yi shekaru yana aikin, kuma da irinsa yara za su dawo sun san sawun kura daga na damisa. Ka sa su rubuta maka cewa motar taku ce ku kaɗai tun daga ɗauka har sauke, da irin motar, domin wasu na cewa "ta kanka" sai ka iske ƙaramar bas, wadda in aka yi ruwa sai turi. A rubuta ko kuɗin ƙofa na ciki, da sunan masaukin. Kuɗi kuma asusun kamfani za ka tura, ba na wani mutum ba, kuma kafin alƙalami kawai, ba duka ba.

Masaukin shi ne inda zan so Hajiya ta sa baki. Sansanoni da yawa a Mara tantuna ne marasa shinge, dorina da giwa na ratsawa cikin dare, shi ya sa bayan magariba sai mai gadi Bamasaye, wato ɗan ƙabilar Masai ta yankin, ya raka mutum ɗakinsa. Wasunsu ba sa karɓar ƙananan yara ma. Da 'yar shekara 6, ku nemi masauki mai shinge da ɗakin iyali, kar a raba yara da ku a tanti daban. Ku faɗa musu tun yanzu cewa abincin halal kuke ci. In akwai hali, ka tambaya game da filayen kiyaye dabbobi da ke kewaye da gandun, irin su Naboisho, Mara North da Olare Motorogi. Ƙasar Masayawa ce da suka ba da haya, ana ƙayyade yawan motoci, ana fita kallon dare, ana kuma tafiyar ƙafa da ƙwararren jagora. Can ne halastacciyar hanyar kusantar dabba take, amma tafiyar ƙafar tana da iyakar shekaru, autarku ba ta kai ba.

Daga Kano kuna iya bin jirgin Habasha ta Addis Ababa zuwa Nairobi. Daga nan mota awa biyar zuwa shida ce ta garin Narok, ko ƙaramin jirgi daga filin Wilson da ke Nairobi, kimanin awa ɗaya, amma kaya kilo 15 ne kowane mutum, a jaka mai laushi. A gaya wa Hajiya tun da wuri, manyan akwatunan Umara ba za su shiga ba. Ku ɗauki rigunan sanyi, Agusta a Mara da asuba sai ka rantse hunturu ne. Ka kuma sayi inshorar ɗauko marar lafiya ta jirgi, irin wadda AMREF Flying Doctors ke sayarwa, domin babban asibiti yana Nairobi.

Sai katin allurar rigakafin cutar shawara, wato yellow fever. Tunda daga Nijeriya kuke, za a iya neman shaidar allurar a filin jirgi. Don Allah ku je ofishin lafiya na tashar jirgi a yi muku allurar da gaske, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, tun 2016 sau ɗaya ake yinta ta isa har ƙarshen rayuwa. Na san layin yana da ban haushi, na san akwai masu raɓewa a bakin ƙofa suna cewa kawo kuɗi a buga maka kati ba allura. Wannan shi ma ɗan'uwan mutumin WhatsApp ne. Ku kuma ga likita kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, musamman saboda yara, kar a ce mun saba da sauro a Kano.

Agusta ne lokacin da aka fi cunkoso a Mara, masaukai masu ɗakin iyali kan cika watanni kafin lokaci. In kun tarar an cike, ku matsa zuwa Satumba ko farkon Oktoba, galibi garken nyumbu bai gama komawa gandun Serengeti na Tanzaniya ba a lokacin, sai dai ka duba hutun makarantar yara.