Me ya sa sakamakon gwajin fitsari yake kai kwana uku?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa aka ce sai bayan kwana uku za ki karɓi sakamakon gwajin fitsari, da kuma ma'anar haruffan S da R da ake rubutawa gaban sunayen magunguna.

Jinkirin ba na sakaci ba ne, ƙwayar bakteriya sai an shuka ta tukuna. Ana shafa ɗigon fitsarin a faranti mai ɗauke da abincinta, a sa shi a na'urar ɗumi mai zafin digiri 35 zuwa 37. Bayan awa 18 zuwa 24 za ta tsiro ɗigo-ɗigo, a tantance irinta. A ciwon mafitsara galibi E. coli ce.

Sannan a gwada mata magunguna. Ana shafe sabon faranti da ita, a jera ƙananan takardu zagayayyu, kowace da nata maganin. Washegari, inda magani ya ci ƙarfinta, za a ga fili wayam kewaye da takardar. Ana auna faɗin filin da milimita, a duba jadawali. S na nufin maganin zai yi aiki, R kuwa ta bijire masa, ko da shi ne mafi tsada. Idan kin ga I, tsaka-tsaki ne, likita zai duba.

Don Allah kada ki fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ki ba da fitsarin, sai in likita ya ce, domin yana iya hana ta tsiro. Ki wanke gabanki, ki bar na farko ya zube, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki, ki kai cikin awa biyu.