Wane ne mulhidi, kuma me ya sa ba su da yawa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. A ajinmu wani ya ce wai mulhidai sun kusa mamaye duniya, wani kuma ya ce ai ba su taka kara sun karya ba. Don Allah mene ne mulhidanci, kuma in da gaske 'yan tsiraru ne me ya jawo haka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Mulhidi shi ne wanda bai yarda akwai Allah ba, bai kuma yarda da wani abin bauta kowane iri ba. To a nan mutanenmu ke cakuɗa abubuwa. Bamaguje ba mulhidi ba ne, ya yarda akwai Mahalicci, sai dai yana yi wa iskoki yanka. Wanda ba ya sallah ko ba ya zuwa coci saboda sakaci shi ma ba ya ciki. Akwai kuma masu cewa su dai ba su sani ba kuma ba yadda za a yi a sani, nasu rukunin daban ne. Kuma kar ki ɗauka daga Turai abin ya fara, malamanmu na da sun yi ta raddi ga Dahriyya, masu cewa ba abin da ke halaka mu sai zamani, maganarsu tana nan a Suratul Jasiya aya ta 24.

Cibiyar Pew ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2020 kusan kashi 24 cikin 100 na mutanen duniya ba sa jingina kansu ga wani addini, mafi yawansu a Sin. Ina jin wannan adadin ne abokin naki na farko ya gani. Amma fa da yawa cikinsu sun yarda da Allah ko ruhin kakanni, in kika shiga gidansu za ki ga turare a kunne gaban hoton mamaci. Da masu binciken ra'ayin jama'a na WIN-Gallup suka tambayi mutane kai tsaye a 2012, kashi 13 ne kawai suka ce su mulhidai ne.

Babban dalilin ƙarancinsu haihuwa ce. Yawanci yaro abin da ya tarar a gida shi yake riƙewa, kuma a lissafin Pew na 2010 zuwa 2015 mace Musulma tana haifar 'ya'ya 3.1 a matsakaici, marar addini kuma 1.7. Sannan rashin addini ya fi yaɗuwa a ƙasashe irin su Swidin inda gwamnati ke ɗaukar nauyin asibiti da fansho, mu kuwa nan in mutum ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa jama'ar masallaci ko coci ne ke haɗa masa kuɗi, su wanke gawa su kai ta makwanci, kin ga addini ya shiga suna da aure da gado da komai, fita daga ciki kamar fita daga dangi ne.

Akwai kuma tsoro. Mubarak Bala, wani ɗan Najeriya da ya bayyana kansa a matsayin mulhidi, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 kan rubutunsa na Facebook, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Wanda ya ga haka ba zai buɗe baki ya gaya wa mai bincike abin da ke ransa ba, don haka ni ina ganin lissafin ƙasashe irin namu ya gaza ainihin adadin, kuma abin yana damuna, don matashi mai shakka da ya rasa wanda zai tambaya ba tare da an zage shi ba sai ya koma intanet.

An ma taɓa gwada dasa mulhidanci da ƙarfin gwamnati. Albaniya a 1967 ƙarƙashin shugabanta ɗan kwaminis Enver Hoxha ta rufe duk masallatai da coci-coci, wasu aka mai da su ɗakin ajiya da wurin wasanni. Da aka sassauta a ƙarshen 1990, a watan Janairun 1991 dubban mutane suka cika masallacin Et'hem Bey da ke Tirana, babban birnin ƙasar, suka yi sallah, 'yan sanda ba su hana ba.