Ruwa da ɗaki ne damuwarmu a Nima

Kawu, barkanku da war haka. Kun tambaye ni ko mu Hausawan Gana ma muna kukan canjin yanayi da yawan jama'a kamar yadda ake yi a Katsina. Muna yi, sai dai kukan namu daban ne. Ku kuna duban gabas kuna roƙon ruwa. Mu a Nima, nan cikin Akra (Ankara muke ce mata), in hadari ya haɗo a watan Yuni gabanmu faɗuwa yake yi.

Akwai wata babbar kwata tsakanin Nima da Mamobi, gota muke kiranta. Ruwanta kogin Odaw yake faɗawa, ya bi tafkin Korle ya shiga teku. Ku leƙa ta da rani: ledojin ruwan sha, robobi, tsummokara. Da ruwa ya kece kuma sai ka ga wasu sun fito suna juye bolar gidansu ciki, wai ya tafi da ita. Can gaba take toshewa, ruwan ya komo ɗakunan mutane. Ni kaina na sha ɗora katifa kan tebur da tsakar dare, ƙaramin ɗana a kafaɗa. Daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, inda mutane suka fake, aka rasa rayuka sama da 150. Tun daga ranar, in wani ya ce ƙaddara ce, ba a musa masa, amma akan samu dattijon da zai ƙara da cewa ledar dai da hannunmu muka zuba ta.

Batun haihuwa kuwa, a zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ba za ku ji an ce 'ya'ya sun yi yawa ba. Kowane yaro da arzikinsa, a kan haka aka tarbiyyantar da mu. Abin da ake cewa shi ne ɗaki ya yi kaɗan. Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 24.7 a ƙasar, ta 2021 ta sami miliyan 30.8, yankin Akra kaɗai ya haura miliyan 5. Mai gidan haya kuɗin shekara biyu yake nema a dunƙule, alhali doka wata shida ta yarda. Wannan ne ke sa ma'aurata lissafi, ba wa'azin kowa ba. Mata kan tambayi nas maganar tazarar haihuwa a wurin awo, cikin sirri, ni kuma ban ga aibin hakan ba. Mahaifiyata tara ta haifa, ni huɗu gare ni.

Yaranmu yanzu bayan gari suke komawa, Ashaiman ko Kasoa, wadda sunanta ma daga kalmar kasuwa ya fito. A can ɗin ma fadamu ake cikewa da ƙasa ana gini, abin yana damuna ƙwarai. Da babbar 'yata za ta kama ɗaki, sai da na je da kaina na duba bangon maƙwabta ko akwai sawun ruwa kafin mijinta ya biya.

Ku gaida mutan gida.