Ni ke saƙa, aminiyata ke cewa aikin hannunta ne

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Abin da ke ci mini rai na kawo miki, don duk wanda na gaya wa a gida sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa haƙurin ne ya kawo ni inda nake.

Ni mai saƙar faifai da adudu ce a nan Tawa, wurin kakata na gaji sana'ar. Ina da aminiya, unguwa ɗaya muka tashi, ita ce babbar ƙawa ranar aurena, ɗiyarta ta fari ma sunana aka sa mata. Inna, ba ta iya saƙa ba. Wallahi ko kaba ba ta iya tsagawa daidai. Abin da Allah ya ba ta baki ne da sanin mutane. To ni ina gida ina saƙa, ita ta ɗauka ta kai rumfarta ranar Lahadi, in an yi baje koli a Yamai ta shiga kar ta tafi da su. Haka muke tun kafin in haifi autana, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Akwai wani zane da na fitar da kaina, tauraro ne ja da baƙi, da zobe kore a tsakiya. Ba a wurin kowa na gan shi ba. Na warware shi na sake ba iyaka kafin ya zauna, yatsuna har sun tsattsage, idona na ruwa saboda saƙar dare da tocila. Duk Tawa in aka ga faifan nan an san daga ɗakina ya fito. Zanena ne, Inna.

Da aka yi SAFEM da ya wuce, wato baje kolin sana'o'in hannu na mata a Yamai, sai ƙanwar mijina da ke zaune Yamai ta turo mini hoto ta WhatsApp. Ga faifaina jere bisa tebur, ga aminiyata tsaye ta sha ado tana murmushi, a ƙasa ta rubuta wai “aikin hannuna”. Hannunta! Kuma an lanƙaya takarda jikin babban, jika 6. Ni jika 2 take ba ni. Na kalli hoton nan har salular ta mutu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni da kaba, ni da garura, ni da ciwon baya, ita da hoto da suna da jika 4 a kan kowane ɗaya.

Ban gama da wannan ba sai na ji ta ɗauki faifaina guda ta ba wasu 'yan mata biyu a wani ƙauye suna kwaikwayon tauraron. Na ga nasu da idona, saƙar sakwa-sakwa, jan ma ya zuba cikin farin. Yanzu mutane za su ce nawa ne ya lalace. Zanen da na sha wahalarsa, ko ta tambaye ni.

Me na rage ta da shi? Ko lokacin da aka rufe iyaka, nasaru suka watse, kaya suka yi wata da watanni jibge a ɗakinta ba mai tayawa, ai ban fasa saƙa mata ba. Duk Lahadi da yamma ta aiko takwarata da kuɗina, in ba ta sababbi. Ban taɓa cewa na gaji ba, ga garura ta yi tsada a lokacin. Wannan ce sakayyar?

Ban ce mata komai ba, don in na buɗe baki ba za a ji daɗi ba. Na dai daina ba ta kaya. Ta aiko yarinyar, na ce babu. Ta aiko yayarta, na ce lafiya lau, ba komai. Mun haɗu gidan suna ta gaishe ni gaban mutane, na kau da kai. Ita ta san abin da ta yi.

Yanzu da kaina nake fita. Ina shimfiɗa tabarma bakin kasuwa, rana ta dafa ni, mai saye ya zo ya taya faifan da na kwana uku a kansa kamar kuɗin ƙosai, in ce albarka, ya wuce. Wasu ma su tambaye ni ko irin na wance ne. Irin na wance, Inna, ni da abina! Sai in kwashe in koma gida da kusan duk abin da na fito da shi.

Abin da ya fi damuna, wani lokaci in ji wani labari sai in ce bari in je in gaya mata, sannan in tuna. Mijina ya ce in je in same ta. Don me ni zan je? Ni aka cuta. Ki gaya mini yadda zan yi ta bar mini zanena, kuma ta zo ta ba ni haƙuri gaban mutanen da ta yi wa ƙarya.

Ɗiyarki mai saƙa, daga Tawa.

AMSAR INNA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanyaya miki. Bakin mutum ɗaya na ji, saboda haka ba zan ce wance ce mai gaskiya ba. Amma akwai wata magana da kika faɗa kika wuce kamar ba komai ba, ni kuwa a nan na tsaya na kasa gaba. Kin ce kaya sun yi watanni jibge a ɗakinta ba mai tayawa, kuma duk Lahadi tana aiko miki da kuɗinki. Daga ina kuɗin nan ke fitowa?

Mu tuna lokacin tare. Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki a nan Nijar, kwana huɗu bayan nan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa ƙasar takunkumi. Aka rufe iyaka da Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wuta, abinci ya yi tsada. A farkon Agusta aka kwashe Turawa da jirage, sojojin Faransa na ƙarshe suka fita a Disamba. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Mutanen da suka saba sayen faifai don su rataya a bango, su kai tsaraba ƙasarsu ba tare da dogon tayi ba, su ne suka tafi, kuma duk mai sana'ar hannu a cibiyar sana'o'i ta Wadata ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya ji a jikinsa. Mu 'yan gida kuwa a watannin nan hatsi muke nema, wa ke ta adudu? A cikin wannan hali wata mata ta riƙa biyan ki kuɗin kayan da ba ta sayar ba, mako bayan mako, ba ta rage miki ko dala ba, ba ta ce ki dakata ba. Ko adashenta ta kwasa, ko akuya ta sayar, ko bashi ta ci, wani abu dai ya fita daga hannunta don tukunyarki ta hau wuta. Ke kin lissafa wannan cikin alherin da kika yi mata. Ni a wurina nata ne alherin, kuma babba.

Sai batun jika 6. Kin ga takarda a hoto kin cire 2 daga 6, kin ce 4 ta shige aljihunta. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ta Konni da Dogon Dutse da Dosso. Akwai kuɗin kar zuwa da dawowa, akwai na kaya, akwai na wurin da ta kama a baje kolin, ga abinci da abin hawa cikin gari, ga ihsani ga gidan da ta sauka. Akwai waɗanda suka karye a hanya da waɗanda suka dawo ba a saya ba, kuma duk ta riga ta biya ki su. Sannan wace 'yar kasuwa ce ke sayarwa a kuɗin da ta fara faɗa? Ke da kanki yanzu kin zauna bakin kasuwa kin ɗanɗana tayi. Kin ce Allah baki ya ba ta, kamar abin raini. Kin fita da kaya masu kyau, zanenki na ainihi, kin dawo da su. Ashe tsayuwa a rana da tsare mai saye har ya zaro kuɗi sana'a ce mai zaman kanta, kuma ita ce ba ki iya ba, kamar yadda ita ba ta iya tsaga kaba ba.

Ban wanke ta duka ba. “Aikin hannuna” da ta rubuta ƙarya ce, kuma ƙarya a ciniki ba ƙaramin abu ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Wannan kina da haƙƙin ki faɗa mata, ta gyara. Zanen ma ya kamata ta nemi izininki. Sai dai ba ki gaya mini faifai nawa kike gamawa a mako ba. In wani ya ce mata yana son 50 kafin wata ya ƙare, hannunki ɗaya zai fitar? Mai yiwuwa abin da ya kai ta ƙauye ke nan. Kuma ki cire rai da cewa za ki kulle tauraron nan. Duk macen da ta sayi guda, ta iya saƙa, za ta zauna ta ƙirga ta fitar da shi. Abin da ke hannunki shi ne ki zama ke ce mai koya wa 'yan matan, ke ce mai duba aikinsu kafin ya fita, a ware miki wani abu kan kowane faifai. Ta haka saƙar ba za ta lalace ba, sunan ya zauna inda ya dace.

Bari in juyo gare ku mata masu karanta shafin nan, don irin wannan takarda ba yau na fara samun ta ba. Mai tuya da mai talla, mai ɗinki da mai kai wa kasuwa, mai turaren wuta da ƙawarta mai WhatsApp. Ku fara da “ai mu ɗaya ne”, ku ji kunyar zancen kuɗi, kowace na lissafinta a zuci, har ranar da lissafin biyu suka yi karo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a yankin Maradi a 1991 sun bazu ƙasar nan ne don ana ƙirga kuɗin asusu gaban kowa, da yawansu kuwa ba su shiga lakkwal ba. Kunyar me kuke ji? Kaye ɗaya da bik sun isa. A rubuta ko sayarwa aka yi aka gama, ko kaya aka ba da a sayar a kawo kuɗi, don biyun ba ɗaya ba ne. In kin sayar mata a jika 2 kin karɓi kuɗinki, ribar tata ce, hasarar ma tata ce. In kuwa kina son rabo cikin 6, to ki yarda ki jira kuɗinki har kaya su fita, ki ɗauki rabonki na wanda ya karye. Ba a cin riba a bar wa wata hasara ita kaɗai.

Yanzu tambayarki, wa zai fara zuwa. Ke ce, kuma mijinki ya yi gaskiya. Kin ce ta san abin da ta yi. Ta yaya? Ba ki faɗa mata ba, kin ce wa yayarta ba komai, ta aiko sau biyu, ta gaishe ki gaban jama'a kin kau da kai. Ita ta taka nata takun. Bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Haƙurin da kike so ta ba ki gaban mutane ki bar shi, wannan neman a kunyata ta ne, kuma ke ma kin kunyata ta a gidan suna.

Ki je gidanta da ƙafarki, kada ki aika, kada ki yi ta salula. Ki riƙe wa takwararki ɗan abu, don yarinyar nan kin mayar da ita hannu wofi ba ta san laifinta ba. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, sai ki tambaye ta yadda ta yi ta biya ki a watannin rufe iyaka, ki yi shiru ki saurara. Hoto da zane da kuɗi ki bari sai zama na biyu, ku biyu a ɗaki, da kaye a gabanku. A nan ki faɗi kuɗin kaba da garura da kwanakin da babban faifai ke ci, ita ta faɗi na kar da na rumfa, ku sake yanka farashi, don jika 2 ta da ba ita ce ta yau ba.

Tunda maigida ya bar ki kina fita kasuwa, ki bar bakin hanyar nan, rana na kashe launin garura kafin a sayi kaya. Ki nemi ki riƙa zama cikin rumfarta ranar Lahadi da saƙarki a hannu. Mai saye in ya ga ana yin abin gabansa ba ya yi masa tayin wulaƙanci, kuma ba wanda zai sake tambayar hannun wa ya yi. Ku kuma mai da hankali ga iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki, da ƙananan faifai na rufe ƙwaryar fura, su ne cinikin da ke nan kowane mako. Ki rubuto mini bayan zama na biyu in ji yadda kuka yanka farashin.