Amsa: Gwamnati ta yanka wa madara farashi?

Malam, tambayarka ita ce tunda duk damina nono yakan faɗi warwas har mata su dawo da shi gida, me zai hana gwamnati ta yanka farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba? Ni dai ban ga riba a ciki ba. Irin wannan farashi ba ya tsayawa sai gwamnati ta saye duk rarar da kasuwa ta ƙi da kuɗin baitulmali, mai sha kuma ya saya da tsada. Turai sun gwada. Makiyaya suka ƙara tatsa tunda an lamunce musu ciniki, man shanu da garin madara suka cika ɗakunan ajiya, har a 1984 aka ƙayyade wa kowa yawan madarar da zai fitar, ba a janye ba sai 2015. Amurka ma cuku ya taru mata, a 1981 ta fara raba wa talakawa.

Mu nan ƙauyukan Wudil abin ya fi haka wuya. Madarar safe in ba a dafa ba ko an kwantar da ita kindirmo, kafin la'asar ta tsinke. Wa zai bi ruga-ruga yana aunawa? Dillali ne zai saya da arha a hannun matan Fulani ya je ya karɓi farashin gwamnati, yadda na sha gani da takin tallafi. In nono ya yi tsada kuma, masu yogot su koma garin madarar waje. In akwai kuɗin, gara wurin sanyaya madara mai sola kusa da rugage, da dusa da harawa da rani, lokacin da saniya ba ta cika ko kwanon sha.